Bayan Ɗinki: Nazarin Lamarin Yarinyar da Ta Yi Kwana Uku a Kan Gwiwa

Yarinyar da zan yi bayani a kanta, wadda doguwar naƙuda ta bar wa yoyon fitsari da sagewar ƙafa, ɗiyar ƙanena ce, uwa ɗaya uba ɗaya muke da mahaifinta. Ba zan kama sunanta ba, ba kuma zan faɗi garinsu ko asibitocin da aka bi da ita ba. Da izininta nake wannan rubutu. Da na karanta mata abin da na tsara, abu ɗaya ta ce in ƙara. Ta ce, "Gwaggo, ki faɗi zancen ƙafar da kyau. Kowa fitsarin yake tambaya, ba mai tambayar ƙafar." Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɗakin haihuwa kafin in yi ritaya, don haka abin da zan faɗa na gan shi a matsayin gwaggo, na kuma gan shi a matsayin malamar asibiti.

Kafin ranar

An ɗaura mata aure tana da shekara 16, ciki ya shiga kafin shekara ta zagayo. Gajeruwa ce marar jiki, irin yaran da suka tashi da tuwo da miyar kuka da zazzaɓin damina duk shekara. Sau biyu ta je awo a ƙaramin asibitin da ke kusa da su. An auna jininta, an ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, an yi mata allurar riga-kafi. Abin da ba a yi ba shi ne a zaunar da ita da masu iko a kanta a ce musu cikin fari ne, yarinyar kuma ƙarama ce, su tanadi kuɗin mota tun yanzu. Mu a makarantar ungozoma an koya mana cewa kada a bari rana ta faɗi sau biyu mace na kan gwiwa. Wannan maganar ba ta kai kunnen kowa a gidan ba.

Da ciki ya kai wata bakwai aka kawo ta goyon ciki gidan ƙanena. Na aika a turo min ita birni ta haihu a hannuna. Mahaifiyarta ta ce, "Haba Yaya, ɗan fari ai a ɗakin uwa ake haihuwarsa, me mutane za su ce?" Na yi shiru, gudun kada a ce gwaggo ta fi uwa zaƙewa. Shirun nan nawa yana cikin abubuwan da suka jawo abin da ya faru, shi ya sa na sa shi a lissafi.

Daga daren Talata zuwa la'asar ɗin Juma'a

Naƙudar ta fara daren Talata bayan isha. Ba ta gaya wa kowa ba sai da gari ya waye. Mu da muka tashi a ciki mun san kunyar ɗan fari: yarinya ba ta nuna ta san tana da ciki ma, balle ta buɗe baki ta ce wa uwarta mara na ciwo. Wadda ta yi raki a kan gwiwa kuwa, gorin ba ya ƙarewa har ta tsufa. Sai ta cije bakin zaninta ta kwana durƙushe a bayan gado ita kaɗai.

Laraba da hantsi faya ta fashe. Aka kira ungozoma, tsohuwa mai kirki, wadda ainihin aikinta yanke cibi ne da wankan jariri da binne mabiyiya. Ba ta da hanyar sanin ko kan ɗa zai wuce ƙugu ko ba zai wuce ba. Aka karɓo rubutu, aka jiƙa karkashi don yauƙi ya sulluɓo da ɗa, aka ce zaƙi ne ya tare hanya. Ranar Alhamis wata maƙwabciya ta kawo zancen gishiri, ta ce a kira a yanka. A nan ƙanena ya tsaya kai da fata ya hana, domin na sha gaya masa abin da reza ke yi a wurin: ana tsaga gaban mace ta ciki a makance, sau da yawa a huda mafitsara ko bututun fitsari, ƙashin da ya tare ɗan kuwa yana nan yadda yake. Sai dai an gudu ba a tsira ba. Da yamma aka ɗauko mai kemis ya yi mata allurar naƙuda har biyu. Allurar nan tana ƙara wa mahaifa ƙarfin matsa ne kawai. In hanya a toshe take, sai ta ƙara danna kan ɗa a jikin ƙashi, wani lokaci ma ta fasa mahaifar. Allah Ya tsare ta daga fashewar.

Mijin yana ci-rani a kudu, wayarsa ba ta shiga, kuma ba wanda ya so ya ɗauki matar wani zuwa asibiti ba da yawunsa ba. Lokacin da aka same shi ya ce a kai ta, dare ya yi, hanyarsu kuma ba ta biyuwa da dare saboda tsoron 'yan bindiga. Da asubar Juma'a aka shimfiɗa ta a bayan a-kori-kura. Ƙaramin asibiti ba ɗakin tiyata, suka tura su gaba. Sun isa babban asibiti kafin a hau masallaci, amma sai aka shiga neman jini, da mai ba da shi, da kuɗin kayan aikin da aka rubuta musu a takarda. Bayan la'asar aka yi mata aiki aka ciro namiji, ya daɗe da komawa. Daga farkon ciwo zuwa lokacin, kusan awa 67 ke nan.

A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, sun kasa abin da ke kashe mata a haihuwa zuwa jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ɗiyata ta haɗu da duka ukun. Mafi tsawo shi ne na farko, kwana biyu cur a cikin gidan da kowa ke ƙaunarta.

Abin da ya faru a cikin jikinta

Idan kan ɗa ya shiga ƙugu ya maƙale, naman da ke tsakaninsa da ƙashin ƙugu yana zama kamar hatsi tsakanin dutsen niƙa da ɗansa. Naman nan shi ne bangon farji da mafitsara da bututun fitsari ta gaba, da hanjin bayan gida ta baya. Matsin yana tsayar da jini. Naman da jini bai kai masa ba na awanni masu yawa mutuwa yake yi, amma ba ya faɗuwa nan take. Sai bayan kwana uku zuwa goma yake ruɓewa ya zube, ya bar rami. Shi ya sa mace za ta koma gida ana ganin ta tsira, sannan abin ya bayyana.

Akwai dabara mai araha da takan hana wannan, ko ta rage girman ramin: a bar wa duk wadda ta yi doguwar naƙuda robar fitsari na kimanin mako biyu, don mafitsarar ta huta ba ta cika tana miƙewa ba. Ita an cire mata a kwana na biyu, aka sallame ta a na huɗu saboda ana buƙatar gadon. A dare na shida ta farka tabarmarta jiƙe sharkaf. Mahaifiyarta ta ɗauka ruwan biƙi ne, sai da zarni ya cika ɗakin.

Ni an gaya min ne kawai cewa ɗan ya koma, maijego na samun sauƙi. Nauyina suke ji. Ranar da ya kamata a yi suna na isa. Na same ta kwance a kan leda, da zazzaɓi, idonta fari fat don rashin jini. Fitsari na bin cinyarta ba tsayawa, ko tana kwance ko tana zaune, fatar wurin ta fara saɓulewa. Nononta ya cika ya yi tauri, rigarta jiƙe, ba mai sha. Wannan ya karya min zuciya, amma ya kwantar min da hankali ta wani ɓangare: matar da ta zubar da jini da yawa a haihuwa, wani ɗan ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki yakan lalace, abin da likitoci ke kira cutar Sheehan, kuma alamarta ta farko ita ce nono ya ƙi zuwa. Nata ya zo.

Sai na ce ta tashi ta taka. Ƙafar dama ta ƙi ɗaguwa daga idon sawu, yatsun na jan ƙasa. A bayan sawun akwai bororon ƙuna mai faɗin tafin hannu. An fara mata wankan jego da tafasasshen ruwa da ganyen ɗarbejiya, ruwan ya tsaya a wurin, ita kuwa ba ta ji komai ba, domin fatar wurin ta mutu da ji.

Ɗinkin

Arewa ba ta rasa inda ake wannan aiki ba. Babbar Ruga a Katsina asibitin kutare ce tun asali. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo wurin a 1983 don aikin kuturta, ya tarar da mata masu yoyon fitsari ba mai duba su, ya fara yi musu aiki a 1984. Ya ɗinke dubban mata, ya koyar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa, yau kuma wurin na ɗaya daga cikin cibiyoyin ƙasa, tare da ta Ningi a Bauchi da ta Abakaliki a Ebonyi. Akwai sashen Laure a asibitin Murtala a Kano, akwai Jahun a Jigawa inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, akwai Sakkwato da Jos, sannan a Nijar akwai cibiyar Danja kusa da Maraɗi da aka buɗe a 2012. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare muka kai ta, kuma ba a karɓi ko sisi a kan aikin ba.

Da farko an mayar mata da robar fitsari na mako huɗu, domin ƙaramin rami sabo yakan haɗe da kansa in aka yi haka da wuri. Nata bai haɗe ba. Da aka duba ta sosai aka ga ramin ya kai faɗin yatsa biyu, kuma a mummunan wuri yake: daidai wuyan mafitsara, ya ci wani ɓangare na bututun fitsari. Sai da aka magance ƙwayoyin cuta, aka ɗaga jininta, sannan aka yi mata aiki a wata na uku.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin masu wannan lalura ba, da wuya ya gane abin da yake yi wa zuciyar yarinya. Mata ne jere, wasu sa'o'inta, wasu sun haifi bakwai, kowacce na tafe riƙe da 'yar roba da bakin robar fitsarin da aka sa mata ke ɗiga a ciki, ɗaya hannun da gorar ruwa, domin dokar wurin ita ce a sha ruwa, a ƙara sha. A ƙauye ta ɗauka ita kaɗai Allah Ya jarraba. A nan ta ga wadda ta shekara 20 da ciwon. A nan na fara jin dariyarta tun bayan haihuwar.

Bayan mako biyu aka zuba ruwan shuɗi a mafitsarar, aka duba, bai ɓullo ta farji ba. Aka rubuta a katinta cewa rami ya rufe. Aka ja mata kunne: ban da ɗaukar kaya mai nauyi, ban da kusantar miji har wata shida, kuma duk cikin da za ta sake samu, aiki za a yi mata tun kafin naƙuda. Muka dawo gida, 'yan'uwa suka yi ta zuwa barka. A wurin dangi labari ya ƙare a nan. Shekara huɗu ke nan da wannan barkar.

Abin da ya rage

Fitsarin bai tsaya gaba ɗaya ba. In tana kwance a bushe take kwana, wannan kuma ba ƙaramar ni'ima ba ce ga wadda ta yi wata uku a kan leda. Amma in ta miƙe tsaye, ko ta yi tari, ko ta ɗaga taɓarya, ko ta jawo guga, sai ya zubo. Dalili shi ne wuyan mafitsara kamar bakin jaka yake mai zariya. Likita na iya ɗinke jakar, amma zariyar da ta ruɓe ba ta dawowa. Ga shi mafitsarar kanta ta ƙanƙance saboda tabo, ba ta riƙe da yawa. Ana rufe ramin mata takwas zuwa tara cikin goma a hannun ƙwararru, amma a cikin waɗanda aka rufe wa ɗin akwai kaso mai yawa da ke ci gaba da ɗiga ta hanyar fitsari ta asali, musamman masu irin raminta. An koya mata matse naman ƙasan mara, da zuwa bayi a kan lokaci tun kafin ta ji matsuwa. An sake yi mata ƙaramin aiki a shekara ta biyu don a tallafe bututun. Ya rage. A da tsumma shida take canjawa a yini, yanzu biyu ko uku.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne dabarar da ta ƙirƙiro wa kanta, wadda kusan duk masu lalurar ke yi: ta daina shan ruwa. In za ta biki ko ta'aziyya, tun daren jiya ba ta kai kofi baki. Fitsarin da aka hana wa ruwa kauri yake yi, zarninsa ya fi ƙarfi, ya fi cin fata, yana tara tsakuwa a mafitsara, yana buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya har ƙoda. Sau biyu tana kwanciya da zazzaɓi da ciwon kwiɓi. Na yi faɗa har na gaji. Amsarta ɗaya ce: "Gwaggo, ke ba ki taɓa tashi daga tabarmar mutane kin waiga ba."

Sai ƙafar, wadda ta ce in faɗa da kyau. Jijiyoyin da ke ba ƙafa umarni suna saukowa daga ƙashin baya su ratsa ta bayan ƙugu, daidai inda kan ɗa ya zauna kwana uku. Ga kuma doguwar durƙusawa da ke matse jijiyar da ke zagaya gefen gwiwa. Da jijiyar ta sage, naman da ke ɗaga sawu sama ya daina amsawa. Wata shida na farko da sanda take tafiya, tana ɗaga gwiwa sama kamar mai tsallake kwata don kada yatsun su ja ƙasa. Silifa ba ya zama a ƙafar. Takan yagi ƙyalle ta ɗaure shi ta bayan dunduniya, har na saya mata takalmi mai maɗauri. Waaldijk da wani abokin aikinsa sun duba wannan matsalar a mata 947 masu yoyon fitsari, suka wallafa a 1994, abin da suka gani kuma ya nuna sagewar ƙafa abokiyar tafiyar wannan ciwo ce, ba abin da ake gani jefi-jefi ba. Jijiya takan farfaɗo a hankali, har zuwa shekara biyu, in ana motsa gaɓar kada ta sandare. Sashen gashin ƙashi mafi kusa da su tafiyar awa uku ne, kuɗin motar zuwa da dawowa ya fi abin da mahaifinta ke samu a mako. Sau huɗu ta je. Sauran ni na koya wa ƙanwarta yadda za ta riƙa lanƙwasa mata sawun safe da yamma. Yau tana tafiya ba sanda, wanda bai sani ba sai ya lura zai gane. Amma ba ta iya sauri, ba ta iya ɗaukar tulu a ka ta yi nisa, dokin ƙofa na yawan kayar da ita, kuma bayan sawun har yanzu kamar ba nata ba. A ƙauye, inda darajar mace ke haɗe da daka da ɗebo ruwa da surfe, wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Akwai abin da ba ta gaya min ba sai bayan shekara biyu, shi ma a cikin duhu, bayan mun kashe fitila. Naman da ya mutu ya warke da tabo mai tauri, hanyar ta tsuke ta kuma gajarce. Da ta koma ɗakinta bayan wata shida, kwanciyar aure ta zama azaba, wani lokaci har da jini. Ba ta da bakin gaya wa mijin, shi ma bai san me zai tambaya ba. A asibiti an gaya musu yaushe za su koma, ba a gaya musu abin da za su tarar ba, alhali akwai abubuwan da ke taimakawa, daga man shafawa zuwa buɗa wurin a hankali a hannun likita. Zan yi wa mijin adalci: bai sake ta ba, ya sayar da buhunan gero biyu lokacin jinya, har yau yana aiko da sabulu. Amma ya ƙara aure a shekara ta biyu, amaryar ta haihu, ɗiyata kuma rabin shekara a gidan ubanta take yi. Ba saki, ba zama.

Al'adarta ta ɗauke wata 14, ta dawo kaɗan-kaɗan. Ciki bai sake shiga ba. Ƙwayoyin cutar da suka hau mahaifa bayan ɗa ya kwana a mace a ciki suna iya toshe hanyoyin ƙwai ko su manne bangon mahaifa, bakin mahaifar ma yakan lalace. Ciwon baya da na gaban ƙugu kuwa ya zama abokin zama, ya fi tsanani da sanyin hunturu.

Tun 1996 likitoci uku, Steven Arrowsmith da Catherine Hamlin da Lewis Wall, suka rubuta cewa kuskure ne a ɗauki wannan lalura a matsayin rami kawai. Tarin raunuka ne da naƙudar da ta toshe ke bari a mafitsara da ƙoda da farji da mahaifa da hanji da ƙashi da jijiya da fata. Hamlin ita ce wadda ta kafa asibitin yoyon fitsari na Adis Ababa tare da mijinta a 1974. Wall kuwa ya taɓa zama a ƙauyen Hausawa a ƙasar Katsina yana nazarin maganin gargajiya kafin ya zama likitan mata. Abin da suka lissafa, kusan duka na gan shi a jikin yarinya ɗaya.

Wani abu da ba ya cikin katin asibiti: wata bakwai ba ta yi salla ba. Ta ɗauka mai najasa a jiki kullum ba ta da fuskar tsayawa gaban Ubangiji, kuma ba wanda ya lura sai da azumi ya zo. Alhali hukuncin a bayyane yake a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. A mazhabar Malikiyya fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba, mafi yawan lokaci, ba ya karya alwala, kuma Risala ta ce mustahabbi ne mai wannan lalura ya yi alwala a kowace salla. Malamin unguwarsu ne ya yi mata bayani ta bakin matarsa. Ranar da ta koma kan dadduma ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka ce ɗan ya koma. Ina ganin wannan mas'ala ta cancanci a riƙa karanta ta a islamiyyun matan aure, kuma a faɗe ta a ɗakin jinya tun ranar farko.

Inda nake ganin matsalar take

Duk lokacin da aka tayar da zancen yoyon fitsari a Arewa, sai a koma gardamar auren wuri, kowa ya ja daga. Ƙanƙantar shekaru da rashin abinci mai gina jiki suna da hannu, ƙugun da bai gama girma ba ya fi saurin riƙe ɗa, kuma da ni ke da iko da an bar ɗiyata ta ƙara shekaru. Amma a ɗakin da ta kwanta akwai masu haihuwa ta shida da ta takwas. Abin da ya haɗa su duka shi ne naƙuda ta toshe ba a yi aiki a kan lokaci ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ƙiyasta mata kimanin 150,000 ne ke ɗauke da wannan lalura a ƙasar, ana samun sababbi kimanin 12,000 duk shekara. A 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta fara shirin ɗinki kyauta, a watan Nuwamba na shekarar kuma ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Da wannan ya kai asibitin da aka kai ɗiyata a lokacin, da an rage awannin da aka ɓata ana haɗa kuɗi.

Amma abin da ya dame ni a wannan lamari yana bayan ɗinkin. Abin da ake ƙirgawa shi ake ba kuɗi, abin da ake ƙirgawa kuwa shi ne yawan ramukan da aka rufe. Duk ranar 23 ga Mayu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don wannan lalura, za a ji an yi wa mata kaza aiki. Ɗiyata na cikin wannan lissafi, a layin waɗanda aka yi nasara. Ba layin ƙafa, ba layin tsumma da sabulu, ba layin kwanciyar aure, ba layin kuɗin motar komawa asibiti.

Kuma ba masu yoyon fitsari kaɗai ke cikin wannan hali ba. A ƙarshen 2023 mujallar The Lancet Global Health ta wallafa wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa, wanda ya ƙiyasta cewa aƙalla mata miliyan 40 a duniya ke samun lalura mai daɗewa sanadin haihuwa kowace shekara: kashi 35 cikin 100 na masu jego na fama da zafi wajen kwanciyar aure, kashi 32 da ciwon baya, kashi 19 da kasa riƙe bayan gida ko iska, kimanin kashi 11 kuma ba sa sake samun ciki. Kulawar asibiti ga maijego takan ƙare a mako shida. Tamu ta gida ma a nan take ƙarewa: an yi arba'in, an yi kitso da lalle, a koma ɗaki. A shekarun aikina na ga matan da suka yage har dubura aka bar su haka, suna ɓoye kashi a ƙunzugu shekara goma. Na ga waɗanda mahaifarsu ta zazzago suna tura ta da hannu kafin su zauna. Kusan ba wadda ta zo don wannan. Sukan kawo yaro mai zazzaɓi, sai in an tambaye su a keɓe, sau biyu, sannan su sunkuyar da kai su faɗa. Ni kaina na sallami mata da yawa ban tambaya ba, layi na da tsawo, kuma ba gurbin tambayar a takardar da nake cikawa.

Halin da take ciki yanzu

Shekararta 21. Ta koyi ɗinkin hula, aikin da ake yi a zaune, tana gama biyu a wata in idonta bai gaji ba. Tana shan ruwa in tana gida, in za ta fita har yanzu sai an yi da gaske. An ba ta ranar komawa asibiti bayan girbi, za a yi hoton mahaifa a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke, kuma likitan ya ce zai duba tabon ya ga ko za a iya sassauta shi. Ta ware akuya ɗaya don kuɗin tafiyar.

Ƙanwarta, wadda ta riƙa lanƙwasa mata sawu, tana da cikin fari wata takwas. Yayar da kanta ta rako ta gidana makon jiya, da ƙullin kayansu a cikin buhu. Mahaifiyarsu ba ta ce komai ba wannan karon, sai dai ta aiko da daddawa da kuka. Su biyun suna kwana a ɗakin baya, na shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gadon babbar tun kafin ta tambaya.